Dashen Maganin Ciwon Suga: A Ɗauki Awonmu Kafin A Yanka Rigar

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan makon shi ne wani saƙon murya da ya yi ta yawo a wayoyin 'yan kasuwa tun daga Bawku har Sankasi, inda wani bawan Allah yake ta rantse-rantse cewa Turawa sun gama da ciwon suga, wai yanzu wani ɗan abu ake dasa wa mutum a ƙarƙashin fata, shi ke nan ya rabu da allura har abada. Wanda ya fara kunna mini saƙon wani Alhaji ne mai harkar albasa, wanda ɗansa na uku, yaro ɗan shekara 16, yake kan allurar insulin safe da yamma tun yana firamare. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bai tambaye ni nawa ne kuɗin ba, bai kuma tambaye ni ko akwai zafi ba. Cewa ya yi: "Malam, in an dasa masa abin nan, zai iya bin mota zuwa Galmi ya dawo lafiya?"

Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina, domin kuwa a ganina ta fi mana amfani a kan duk tambayoyin da masu ƙera wannan abu suke yi wa marasa lafiyarsu a Turai da Amurka. To amma kafin mu kai can, bari mu fara rarrabe tsakanin aya da tsakuwa a cikin labarin kansa.

Ciwon suga, ko ciwon sikiri kamar yadda muka fi faɗa a nan, ba iri ɗaya ba ne. A bayan tumbin mutum akwai wata tsoka da likitoci ke kira fankiriyas, a cikinta kuma akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu samar da sinadarin insulin, wanda shi ne yake buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga nama ya zama ƙarfi. A nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, waɗannan ƙwayoyi mutuwa suke yi, galibi ma garkuwar jikin mutum ce da kanta take far musu, don haka in babu allura babu rayuwa. A nau'i na biyu kuwa ƙwayoyin suna nan, sai dai jiki ya daina jin maganarsu, sannu a hankali su ma su gaji. Wajen tara cikin goma na masu ciwon suga a duniya nau'i na biyu gare su, kuma mafi yawan Alhazai da Hajiyoyin da muke gani a rumfuna suna haɗiyar ƙwayar metfomin da safe nan suka faɗa. Dashen da ake magana a kai ba dominsu ake yin sa ba. Wannan ita ce gaskiya ta farko da mai saƙon muryar ya tsallake.

Dabarar kanta ba sabuwa ba ce. A shekarar 2000 Dokta James Shapiro da abokan aikinsa a birnin Edmonton na Kanada suka ba da labarin mutum 7 da aka ɗura wa irin waɗannan ƙwayoyi ta jijiyar da ke shiga hanta, ƙwayoyin da aka ciro daga jikin mamatan da aka ba da sassan jikinsu, kuma dukkansu suka ajiye allura. Duniya ta yi ta guɗa. Amma da aka bi sawun waɗanda aka ci gaba da yi wa aikin, sai rahoton 2005 ya nuna cewa bayan shekara biyar kusan ɗaya cikin goma ne kawai bai koma wa allura ba. A watan Yunin 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan dashe mai suna Lantidra, ga manya masu nau'i na ɗaya waɗanda sugansu ke yawan faɗuwa har su suma. Cikin mutum 30 da aka gwada a kansu, 21 sun yi shekara ɗaya ko fiye babu allura, 5 kuwa ko kwana ɗaya ba su samu ba. Sannan a watan Yunin 2025 aka wallafa sakamakon gwajin kamfanin Vertex, wanda shi a ɗakin bincike ya raini ƙwayoyinsa maimakon ya jira gawa, inda mutum 10 cikin 12 suka daina allura bayan shekara guda. Ko shakka babu wannan babban ci gaba ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin uwa tana tsira wa ɗanta ƙarami allura yana kuka zai yi fatan Allah ya kai abin ga nasara.

To ina gizo yake saƙar? Ku da kuke kwana a kan iyaka za ku fi kowa ganewa. Garkuwar jiki tamkar jami'an kan iyaka ce, duk baƙon da ba shi da takarda sai ta tare shi, kuma ƙwayar da ba a jikinka aka haife ta ba baƙuwa ce. Duk mutanen nan da na lissafa sai da aka ɗora su a kan magungunan danne garkuwar jiki irin su takrolimus, waɗanda za su yi ta sha muddin ƙwayoyin suna jikinsu. Ma'ana, an sa jami'an iyaka barci don baƙo ɗaya ya wuce, alhali ɓarawo ma ta wannan ƙofa zai bi. Mutum biyu sun rasu a cikin gwajin na Vertex, ɗaya daga cikinsu da wani nau'in sanƙarau da ya fi kama masu raunin garkuwa.

Wannan ne ya sa aka shiga neman wata hanyar, wato a zuba ƙwayoyin a cikin wata 'yar jaka mai faɗi, ku ɗauke ta kamar laya, wasu ba su kai girman katin ɗan ƙasa ba, a tura ta ƙarƙashin fata. Bangon jakar yana da hudoji ƙanana ƙwarai, yadda suga zai shiga, insulin ya fita, amma dakarun garkuwa su kasa kutsawa. A kan takarda abin gwanin ban sha'awa, a jikin ɗan Adam kuwa sai ya ƙi. Kamfanin ViaCyte na Amurka ya fara gwada tasa a 2014, sai jiki ya lulluɓe layar da tauri irin na tabo, ƙwayoyin suka rasa iska da abinci, mafi yawansu suka mutu. Da suka buɗe mata ƙofofi don jijiyoyin jini su shiga, sai dole aka koma wa maganin danne garkuwa. Wani kamfani na Isra'ila ya ƙera wadda ake ɗura wa iskar oksijin kowace rana ta wata kafa a ƙarƙashin fata, aka gwada ta a mutum 4 a birnin Upsala na Suwidin, ƙwayoyin suka rayu amma ba su tsinana abin kirki ba. Shi kansa Vertex a watan Maris na 2025 ya sanar da ajiye tasa layar, domin ba ta samar da insulin ɗin da zai yi wa mutum amfani ba. A ƙarshen 2024, a can Upsala ɗin dai, an dasa wa wani mutum a tsokar hannunsa ƙwayoyin da aka gyara halittarsu don garkuwa ta kasa gane su, babu jaka babu maganin danne garkuwa, suka kuma rayu. Sai dai mutum ɗaya ne, ƙwayoyin kaɗan ne, bai kuma ajiye allurarsa ba.

Saboda haka har zuwa ƙarshen 2025 babu ƙasar da ta ba da izinin sayar da irin wannan laya. Duk wanda ya zo rumfarka da gari a leda ko ruwa a kwalba ya ce maka "sitem sel" ne mai farfaɗo da fankiriyas, to kuɗinka yake so. Dokar lafiyar jama'a ta Ghana ta 2012 ma ta hana yi wa jama'a tallar maganin ciwon suga, kodayake wanda ya taɓa shiga motar haya ya ji mai jaka yana wa'azin maganinsa ya san yadda ake bin wannan doka.

Na san mai karatu zai ce, to Malam, in abin bai ma nuna ba, mene ne na ɓata tawada? Mu da tsinken gwajin jini yake gagarar mu, ina mu ina wata laya ta ƙasar Turawa? Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuma raina ta ba. Amma amsata ita ce, yanzu ne tela yake ɗaukar awo, kuma wanda ba ya nan ranar awo haka zai sa rigar ko da ta shaƙe shi. Masu bincike a Amurka da Turai suna raba wa masu ciwon takardun tambayoyi. A ina kuke son a dasa, a hannu ko a ciki ko a baya? Guda ɗaya babba ko ƙanana da yawa? Duk bayan wata nawa za ku yarda a sake yanka ku a canza? Za ku karɓa idan allura raguwa kawai za ta yi? Tun 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da ƙa'idar yadda za ta riƙa duba irin wannan ra'ayi na marasa lafiya wajen yanke hukunci a kan na'urorin asibiti, wato ke nan amsoshin suna shiga cikin ƙirar abin. Mutumin da ke ba da amsar kuwa yana da firji da wutar da ba ta ɗaukewa, asibitinsa yana bayan gida, motar ɗaukar marasa lafiya kuma tana zuwa in an kira ta.

Mun riga mun ga irin wannan da insulin kansa. A 1921 aka gano shi a Toronto, a watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14. Aka rubuta a jikin kwalba cewa a ajiye a sanyin maki 2 zuwa 8, in an buɗe kuma kada zafi ya wuce maki 25 ko 30. A Bawku kuwa a watan Maris da Afrilu zafi kan haura maki 40 ba a bakin komai ba. A wasu wurare a Afirka har hana mutane tafiya gida da allurarsu aka riƙa yi saboda ba su da firji, sai su yi tattaki zuwa asibiti safe da yamma. A 2021, shekara 100 cif bayan gano maganin, ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janiba suka wallafa binciken da suka yi a kan zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda ma'auni ke kai-komo tsakanin maki 25 da 37, suka nuna cewa kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu. Tambayar da uwa a Garu ko Zabzugu za ta yi tun ranar farko ke nan, amma ta yi kusan ƙarni tana jiran gamsasshiyar amsa. A tsakani kuwa randar ƙasa ce ta rufa wa mutanenmu asiri, da tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan miya har ya ci lambar yabo ta Rolex.

To me ɗan kasuwarmu zai ce in an tambaye shi? Abu na farko da zai kawo shi ne hanya. Fatauci gadonmu ne, kakanninmu watanni suke yi da jakuna daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro, kuma ko da jaki ya koma tirela har yau babu ɗan kasuwar da zai rantse maka da ranar dawowarsa. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 aka rufe iyakoki, motocin albasa suka yi kwana da kwanaki a tsaye a iyakar Benin, kaya suka ruɓe, direbobi da yaran mota suka cinye guzurinsu. Tun daga ƙarshen 2021 mutanen Bawku sun sha dokar hana fita, an kuma yi lokutan da sai da rakiyar soja ake bin hanyar Bolga. Mutumin Salaga da zai tsallaka Yeji ya san cewa in jirgin ruwan Makango ya bar shi, to sai dai ya shimfiɗa tabarma. Daga Yendi zuwa asibitin koyarwa na Tamale wajen kilomita 100 ne, daga Bawku fiye da 200, daga Bawku zuwa Korle Bu a Ankara kuwa fiye da 800. Layar da sai an ɗura mata iska kullum, ko wadda za ta sa a riƙa auna jininka duk wata a babban asibiti, turke ne aka kafa maka. A nawa ganin, da za a ɗora wa ɗan kasuwa biyu a faranti, wadda za ta raba shi da allura gaba ɗaya amma ta ɗaure shi a ƙofar asibiti, da wadda za ta rage allurar kawai ta hana shi suma amma ya yi wata shida bai ga likita ba, to ta biyun zai ɗauka. Bature mai aikin ofis yana iya ɗaukar ta farko, kuma shi ma yana da gaskiyarsa.

Maganin danne garkuwa kuwa a wurinmu nauyinsa daban ne. Muna zaune ne a yankin da sanƙarau ke kewayowa da rani, ga tarin fuka, ga ciwon hanta da ya yi katutu a arewacin ƙasar nan, ga cunkoson ranar kasuwa, ga ƙurar kara da ta tasha, ga ruwan da mutum zai sha a hanya bai san daga ina aka ɗebo shi ba. Shi takrolimus ba a tsallake masa lokaci, sai an riƙa auna yawansa a jini, kuma yana taɓa ƙoda, ƙodar da dama ciwon suga yake hari. Ba sai mun je Kanada neman darasi ba. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, Korle Bu a 2008, kuma duk gidan da aka taɓa yi wa wani dashe za su gaya maka cewa aikin tiyatar shi ne mai sauƙi, maganin da ke biyo baya har ƙarshen rai shi ne yake cinye jari, ranar da kuɗi ya yanke kuma jiki ya ƙi ƙodar. Don haka abin da wani a Turai zai iya ɗauka a matsayin ƙarin alheri, wato dashen da ba ya buƙatar wannan magani, mu a wurinmu shi ne sharaɗi na farko.

Sai maganar cirewa, wadda matanmu suka fi mu sani. Shekaru ke nan ana dasa musu 'yan tsinkayen tazarar haihuwa a damtse, Jadelle mai shekara biyar da Implanon mai shekara uku. Dasawa ba ta da wuya, har gida akan bi mutum, amma wani bincike da aka yi a nan Ghana aka wallafa a 2020 ya nuna cewa ranar cirewa wasu sai sun yi zarya kafin su sami mai cire musu, ga kuma kuɗi. In ɗan tsinke ya zama haka, ina ga jaka mai ƙwayoyi masu rai? Idan ta kumbura mutum yana Bittu ko Dapango, wa zai cire? Katin inshorar lafiyarmu ai iyakarsa kan iyaka. Ya kamata a ƙera ta yadda likitan asibitin gunduma a Salaga ko Yendi ko asibitin Firesbiteriya na Bawku zai iya zare ta da allurar kashe zafi, ba sai an nemi ƙwararre a Ankara ba.

Wurin dasawa ma akwai abin faɗa, kodayake ba zan tsawaita ba. Tabo ba ya damun mutumin da ya tashi da tsagar gado a fuska. Abin da zai dame shi shi ne ƙugu, inda yake ɗaura lalita, da gadon baya, inda 'yar kasuwa take goya ɗanta, da cikin da yake naɗewa a ruku'u da sujada sau biyar a yini, ga kuma girgizar babur a kan hanyar Tatale.

Akwai kuma tambayar da ko an manta da ita a takardar Bature mu ba za mu manta ba: daga ina ƙwayoyin suka fito? Wasu daga gawa ne, wasu an raine su ne daga ƙwayoyin ɗan tayi na kwanakin farko, wasu kuma daga alade, domin an gwada irin na alade a jikin mutane a Niyuzilan da Ajantina. Malamai ba su yi shiru ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988 ta halatta dashen sassan jiki bisa sharuɗɗa, ita kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 2003 ta halatta magani da irin waɗannan ƙwayoyi muddin tushensu halal ne. Kafin 1982 ma insulin ɗin duniya daga shanu da aladu ake tatsar sa, Musulmi kuma suka yi amfani da shi bisa lalura. Ni ba malamin fatawa ba ne, abin da nake cewa kawai shi ne a faɗa wa mutum gaskiya tun kafin a sa masa wuƙa, ya je ya tambayi limaminsa, har da batun azumi da batun ko za a binne shi da abin a jikinsa. Ranar da aka ɓoye aka ji daga baya a bakin 'yan tasha, to an kashe maganin an kuma kashe na bayansa.

Wani abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne binciken da aka wallafa a 2025, wanda aka yi a kan matasa kusan 900 masu nau'i na ɗaya a Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu, inda aka tarar wajen kashi 65 cikin ɗari ba su da alamun farmakin garkuwa da aka saba gani a jinin yaran Turai. Wato ciwon yaranmu ma ba lallai ne ya zama irin nasu sak ba. In cutar ta bambanta, ta yaya za a ce maganinta ba sai an gwada da mu ba?

Maganar kuɗi ba ta buƙatar dogon turanci. Vertex ya sayi wani kamfani mai suna Semma a kan dala miliyan 950 a 2019, ya sayi ViaCyte a kan dala miliyan 320 a 2022, kuma ɗan kasuwa ya san cewa wanda ya zuba jari riba yake jira. Shi dai wannan kamfani ne ya fito da maganin sikila mai suna Casgevy a ƙarshen 2023, aka sa masa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, alhali mafi yawan jariran da ake haifa da sikila a Afirka suke. Waɗanda suka gano insulin dala ɗai-ɗai suka karɓa suka sallama haƙƙinsu ga Jami'ar Toronto a 1923, amma yau kamfanoni uku ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin ɗari na kasuwarsa. Wanda bai shiga ciniki tun ana taya kaya ba, farashin da aka yanke shi zai biya.

Na san akwai tsoro, kuma tsoron yana da tushe. A 1996 aka yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har sai 2009 da kamfanin Pfizer ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. A 2015 kuma gwajin rigakafin Ebola da aka shirya a Hohoe ya wargaje saboda ba a yi wa jama'a bayani ba tun farko, har majalisa ta shiga maganar. To amma a nan arewa muna da misalin yadda ake yin abu daidai. Cibiyar binciken lafiya ta Navrongo tun ƙarshen shekarun 1980 take aiki da sarakuna da masu unguwanni, a tara jama'a a fili a yi musu bayani kafin a taɓa kowa, kuma a can aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen gidan sauro mai magani a shekarun 1990, wanda yau duniya take cin moriyarsa. Tambayar mutum abin da yake so ma ai ba ta kai gwaji ba, babu allura babu wuƙa, zama ne da mai jin Hausa da Kusal da Dagbanci da Gwanjanci.

Sai dai laifin ba na Bature kaɗai ba ne. Ba a tambayar wanda ba a san da shi ba. Ƙididdigar ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, fiye da rabinsu kuma ba su ma sani ba. Mu kan ɓoye, musamman in 'ya mace ce, don kada a ce ba za ta auru ba, yaro kuma in ya rame yana yawan fitsari sai a ce sammu ne, har ya suma kafin a kai shi asibiti. Ina kira ga sarakunan zango da shugabannin 'yan albasa da 'yan doya da 'yan shanu da su ware rana a kawo ma'aikatan lafiya cikin kasuwa a auna jini, asibitocin Salaga da Yendi da Bawku kuma su riƙe rajistar yara masu nau'i na ɗaya da lambar wayar iyayensu. Asusun tallafa wa masu cututtukan da ba sa jin magani da gwamnati ta kafa a 2025 ya kamata ya fara da tsinken gwaji da sirinji na waɗannan yara. Jami'ar Nazarin Ci Gaba da ke Tamale tana da makarantar likitoci, ɗalibanta za su iya zagaya kasuwannin nan uku su rubuta amsoshinmu su wallafa inda masu ƙera layar za su gani.

Shi kuwa Alhaji na gaya masa cewa a yau babu layar da za a dasa wa yaronsa, kada kuma ya kuskura ya bari wani ya sa shi ajiye allura ko da ta yini ɗaya ce. Amma Galmi zai iya zuwa, in likitansa ya yarda. Ya ɗauki ninkin maganin da yake buƙata, ya naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen ƙyalle nesa da rana da zafin inji, kada kuma ya ɗora ta a kan ƙanƙara, ya riƙe dabino ko suga a aljihu, ya koya wa direba cewa in ya ga yaron yana gumi yana rawar jiki yana magana ba kan gado to zaƙi za a ba shi nan take. Ya kuma karɓi takardar likita da Turanci da Faransanci, saboda jandarman da zai buɗe jaka ya ga sirinji.